Zanen da Inna Hajo ta lulluɓa wa injina

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, ƴan'uwa. Ni ce Rifkatu, ɗiyar Gazawa.

Shekara huɗu na yi ina neman doktora a fannin ƙera injinan asibiti. Abin da na ƙera inji ne mai tace iska don jariran da numfashi ke yi wa wuya. A jami'a lafiya lau yake aiki. Na kawo shi gwaji wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, kusa da Cadakori, sai ya riƙa mutuwa kullum bayan azahar.

Na kwance shi, na ɗaure. Na canja batir. Na zargi majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, na zargi rana, har ƙwaƙwalwata na zarga. Malamina ya ce saura wata guda: in babu sakamako, a rufe aikin.

Ba zan ɓoye muku ba, na daina addu'a. Na fara shan ƙwayar tramol wai kaina ya daina sarawa. Sai na tsaya tsakar kasuwa na manta abin da ya kawo ni. Wayyo, na ji tsoro!

Wata Lahadi na durƙusa a majami'a, na ce, "Ubangiji, ban gane komai ba. Ko injin, ko ni kaina." Ban ji murya ba. Abin da ya zo zuciyata kawai: rufe ordinatar, wato kwamfutarki, je ki zauna kusa da injin.

Na zauna. Bayan azahar sai ga Inna Hajo, ungozomar wurin, da sabon zane. Ta lulluɓe injin ruf, har da ramin shan iskarsa! Ashe abin da ke kashe shi kullum ke nan.

Na ce, "Inna, me kike yi?"

Ta ce, "Ɗiyata, abu mai daraja haka a bar shi tsirara? Kwanonin jerena ma rufe su nike."

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na yi duka biyun.

Ban hana ta ba. Na mayar da ramin iskar ƙasan injin, don kowace uwa a ƙasarmu haka za ta yi. Babin da na rubuta kan wannan ne malamai suka fi yabawa ranar da na kare kundina. Tramol kuwa, da taimakon fasto da likita, na rabu da shi.

Har yau ban fahimci hanyar Ubangiji ba, amma na gode wa Allah! Ɗan'uwa, in kanka ya ɗaure, faɗa masa hakanan. Ni ma abin da na iya faɗa ke nan, kuma ya ji.