Ɗana Ya Rasu Yana Ƙarƙashin Horo

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Sunana Saratu, amma yawancinku da Maman Iliya kuka san ni. Har yanzu ina amsa sunan, ko da yake mai sunan ba ya nan. An daɗe ana roƙona in ba da wannan shaida, ina cewa ba yanzu ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ina tsoron in faɗi abin da zai ɓata wa wani rai. Ku yi haƙuri da ni, a hankali zan bi.

Iliya shi kaɗai Allah ya bar mini. Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare. Da suyar ƙosai a bakin hanyar Tumfure na rene shi, har ya girma ya sami keke napep yana ja. Yaro ne mai barkwanci. In ya dawo da yamma sai ya tsaya a kaina ya ce, "Hajiyar ƙosai, an rage wa direba wani abu kuwa?" Ni kuma in ce, "Mai jan keke ma direba ne? Wuce ka wanke hannu."

A lokacin ina cikin shugabannin zumuntar mata ta ikilisiyarmu, kuma an san ni da tsanani. Ba na ganin laifi in kau da kai. 'Ya'yan mutane da yawa sun sha faɗana.

Wata rana Iliya ya zo ya durƙusa a gabana, ya kasa ɗaga kai. Ya ce Rifkatu, yarinyar da yake nema, wadda suke cikin ƙungiyar mawaƙan majami'a tare, tana da ciki, kuma nasa ne.

"Mama, ki rufa mana asiri," in ji shi. "A ɗaura auren da wuri, ba wanda zai sani."

Na ce, "Allah fa? Shi ma ba zai sani ba?"

Washegari da ƙafata na je wurin dattawan ikilisiya na faɗa musu. Na ce kada a duba fuskata, a yi masa yadda ake yi wa kowa. Aka sa su biyun a ƙarƙashin horo. Kun san yadda abin yake. An sanar a gaban jama'a, sun bar mawaƙa, ba za su ci gurasar Jibin Ubangiji tare da masu bi ba, kuma wurin zamansu ya koma bencin baya, kusa da ƙofa, sai ranar da dattawa suka ga tubansu suka maido su. Aure ma sai bayan nan.

Iliya bai yi mini rashin kunya ba. Ya ci gaba da gaishe ni safe da yamma. Amma ya daina tsokanata, ni ma ban sake masa fuska ba. Na ce a raina sai an maido shi tukuna.

Shekarun tsoro ne waɗannan. Ana caje mu a ƙofar majami'a, mata ba sa shiga da jaka, kowa ya fita gida bai san ko zai dawo ba. Wata ranar aiki ina tsakiyar suyar yamma, sai labari ya iso cewa bam ya tashi a tashar mota a cikin gari. Na kira wayar Iliya, ba ta shiga. Na sake kira. Ashe ya kai fasinja can.

Ba zan faɗi abin da na gani a asibiti ba. Ɗana ne, na gane shi.

Kafin jana'iza Baba Yakubu, babban dattijonmu, ya zo ya zauna a kan tabarma. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "Maman Iliya, kin san ƙa'ida. Yana ƙarƙashin horo. Ba za a shigar da shi majami'a ba, sai dai mu yi addu'a a bakin kabari."

Na ce, "Na sani, Baba."

Me zan ce? Da aka yi wa 'ya'yan wasu haka, ban taɓa cewa uffan ba. Aka binne shi ba waƙa. Abokansa na mawaƙa sun zo cikin kayan gida, suka tsaya shiru.

A zaman makoki na ji wata tana ce wa ta kusa da ita, "Allah ba abokin wasa ba ne. Ga shi ya tafi da zunubinsa a ka." Ba ta san ina bayan labule ba. Ban riƙe ta a zuciya ba, domin abin da nake faɗa wa kaina ke nan.

'Yan'uwa, nan ne ciwona ya fara. Kowace uwa da ta binne ɗa tana kuka, amma tana cewa za mu sadu. Ni ba ni da wannan kalma. Na yarda ɗana yana cikin wuta, kuma ni na raka shi har bakin ƙofa. In na hura wutar suya na ga mai yana tafasa, sai in tuna da shi, in kau da kai. Na daina suya. Na daina zuwa sujada a majami'a. Na kasa cin abinci, na rame har zane ba ya zama a ƙuguna. An kai ni asibiti, suka ce hawan jini ne, suka ba ni ƙwayoyi. Addu'a kuwa na bar ta gaba ɗaya. Ban ce babu Allah ba. Tsoronsa nake ji, irin tsoron da ba ƙauna a ciki.

Da damina ta yi nisa, Rifkatu ta haihu. Mace. Kawunta da take zaune a gidansa ya ce ba zai riƙe jego irin wannan ba. Sai ga ta a ƙofata da jaririya a hannu da kayanta a leda.

"Mama, ba ni da inda zan je."

Na nuna mata ɗakin Iliya, na koma na kwanta. Ban karɓi jaririyar ba. Ko fuskarta ban duba ba. In na ji kukanta sai in ce a raina, ga abin da ya kai ɗana wuta.

A gidan da muke haya akwai wata dattijuwa Musulma, Ya Falmata, wadda ta gudo daga Borno da jikokinta. Ita ce ta ɗauki aikin da ya kamata in yi. Kowace safiya ta dafa ruwa ta yi wa Rifkatu wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, ta gasa wa jaririya cibiya. Ina kwance ina jin ƙarar ruwa.

Wata safiya ta ɗaga labulena ba sallama, ta zauna a bakin gado.

"Maman Iliya, jikarki har ta fara sanin hannuna. Ba ki jin kunya? Sai ta girma ta ce ni ce kakarta, ta tashi da yaren Barebari?"

Na ce, "Ya Falmata, ki bar ni. Ba za ki gane ba. Ɗana ya mutu cikin zunubi."

Ta ce, "Ke kin ga gawar naki. Ni nawa biyu, tun ranar da muka watse a daji ban san ko suna raye ba. In sun mutu, ban san da me suka cika ba. Na bar wa Mai su. Ke an aiko miki daga can ne aka ce ga inda yake?"

Na juya fuskata bango. Ta tashi ta fita, amma ta bar labulen a ɗage.

Da rana Rifkatu ta kawo mini kunu. A karon farko na ce ta zauna. Na tambaye ta, "A can bencin baya, yaya Iliya yake yi?" Domin duk tsawon horon nan, ina zaune a gaba cikin shugabanni, ban taɓa juyawa na dube shi ba. Ko sau ɗaya!

Ta ce, "Mama, bai taɓa fashi ba. Kin san kowa yana gudun bakin ƙofa saboda tsoron abin da zai iya shigowa. Na ce masa mu riƙa zama a gida har a maido mu, ya ce a'a, wurin da aka ba shi ke nan, a nan zai jira. Ranar Jibi kuma, in an zo an wuce mu da farantin gurasa, sai ya sunkuyar da kai ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa. Ba komai a ciki. Haka zai bar shi a buɗe har a gama, hawaye na zuba."

Wayyo Yesu! Ɗana yana bayana yana roƙon jinƙai, ni ina gaba ina tsare mutuncina.

Na sauko daga gado na durƙusa. Watanni ban yi addu'a ba, kalmomi ma sun ɓace mini. Abin da na iya faɗa shi ne, "Ya Ubangiji, na kai shi gaban dattawa, iyakacin inda ƙafata za ta iya kai shi ke nan. Na zauna a kujerarka na yanke masa hukunci, kuma kujerar ta fi ƙarfina. Ka gafarta mini. Kai ka ga hannunsa, ni ban gani ba. Na bar maka shi."

Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba, ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba. Amma dutsen da ke kan ƙirjina ya sauka. Na shanye kunun nan duka. Na ce, "Rifkatu, kawo mini ita." Da na duba fuskarta, goshin ubanta ne sak. Na yi kukan da ban yi ba a bakin kabari.

Bayan 'yan kwanaki Baba Yakubu ya zo gaishe ni, na faɗa masa duka. Ya share ido da hannun rigarsa ya ce, "'Yata, horo namu ne, don mutum ya komo. Shari'a ta Allah ce. Mun riga mun yi magana za mu maido shi, jinkiri muka yi. Ni ma abin yana cina."

Ban zo in ce zunubi ba zunubi ba ne. Abin da Iliya da Rifkatu suka yi laifi ne, su ma sun sani. Ranar shari'a gaskiya ce, kowa zai tsaya shi kaɗai. Matasa, kada ku ce sai gobe za ku tuba, ɗana da safe ya fita lafiya lau. Iyaye kuma, ku tsawata, amma kada ku janye fuskarku. Ni na janye tawa, ban sami damar mayar da ita ba.

An maido da Rifkatu. Tana wurina, 'yata ce yanzu. Jaririyar mun sa mata suna Alheri. Na koma suya, jinina ya sauka. Kewa kam ba ta tafi ba, in na ji keke ya tsaya a ƙofa da yamma har yanzu gabana yana faɗuwa.

Amma in an tambaye ni ina Iliya yake, ba na ƙara yanke magana. Nakan ce yana hannun Wanda ya mutu dominsa, Wanda ya fi ni sonsa. Wannan ya ishe ni in tashi da safe.

Na gode wa Ubangiji da ya fisshe ni daga ramin da na haƙa wa kaina. Duk mai ɗauke da kaya irin nawa a cikinku, kada ka jira sai ya kashe ka. Ka kai wa Yesu, ka dogara gare shi, zai karɓa. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa har abada. Amin.