Rigar Zuwa Ofishin Haraji

A ɗakin jira na ofishin haraji a Wuse, Alhaji Datti mai shagon yadi na zaune cikin koɗaɗɗiyar riga duk faci. Matar da ke gefensa ta kalli rigar, ta kalli agogonsa.

"Baba, agogon nan ya tona asirin rigar."

Ya yi sauri ya ja hannun riga ya rufe shi. "'Yata, wasiyyar mahaifina ce: ba a zuwa gaban mai haraji da sabuwar riga. A zamaninsu da ido ake yanka wa mutum."

"Yanzu ai kwamfuta ce, ba ta ganin faci. Cinikinka take dubawa."

"To fa! Ke tasu ce, ko?"

"A'a, nawa na zo biya. Amma marigayi babana shekara ashirin yana malamin haraji a Zariya. Shi ma tsumma yake sawa ranar karɓa."

"Shi kuma don me?"

"Don kada a ce da gumin talaka ya ɗinka."

Alhaji ya daɗe yana shafa facin rigarsa.

"Allah ya jiƙansu. Ashe tsoron juna suke ji."