Fartanyar Baba

A ɗakin jiran likita, wani direba ya tashi ya ba wani tsoho kujerarsa. Mahaifin direban na gefe a keken marasa lafiya, bargo a gwiwa.

"Baba, ga wuri."

"Na gode, ɗana, ni da kujera ba ma ga maciji. Me ya sami mahaifin naka?"

"Ƙafafu ne suka ƙi. Da lambu yake yi. Da na samu aiki sai na ce ya huta, kar a ce mun bar tsoho yana wahala."

"Ya yarda?"

"Ina fa. Sai da na ɓoye fartanyar."

"Nawa 'ya'yan ma sun gwada. Na ce duk wanda ya taɓa mini gatari ban yafe ba. Jikin tsoho ƙofar ƙarfe ce, in aka daina buɗe ta tsatsa ke cinye ta. Ni jikata na kawo."



Mahaifin direban ya ɗago kai, ya dubi ɗansa.

"Fartanyar tana ƙarƙashin gadonka. Tun ranar na gan ta. Kunyarka na ji."