Kiɗan da Baba yake nema

Mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaida masu saurare. Ni ce Rahila daga Zuru.

Mahaifina ya daɗe yana yi wa wani Fada ɗan ƙasar Ayalan aikin kuku. Kullum da yamma Fadan yakan yi wani kiɗan rawa na garinsu da gogen Turawa. Yanzu ɓarin jikin Baba ya shanye, ya ce ba zan koma gidan mijina ba sai ya sake jin kiɗan nan.

Ya yi wa wata Sista 'yar ƙasarsu Fada fiton kiɗan, ta je Ayalan hutu ta kawo mana kaset huɗu. Ta ce kiɗan ɗaya ne, amma kowane ƙauye da sunan da ya sa masa, kowane makaɗi da yadda yake juya shi. Na sa masa duka. Kowanne sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗiyata, wannan ɗan'uwansa ne, ba shi ba ne."

Wata biyar ke nan ina juya kaset, yarana na can Kaduna. Fada kuwa ya rasu, ba wanda ya taɓa ɗaukar nasa a kaset. Jama'a, ku ba ni shawara: in tafi in bar tsohona, ko in zauna neman kiɗan da ya bi mai shi kabari?