Likita Ta Rubuta Masa Tafiya

A bencin jiran likitar ƙwaƙwalwa, wata dattijuwa ta ƙura wa takalmin mutumin da ke zaune kusa da ita ido. Ƙasansa duk ya cinye.

"Ɗana, wa ka kawo?"

"Kaina, Mama. Da ina jin muryoyi. Magani ya kwantar da su, amma ya bar min ƙiba da hawan jini. Sai likita ta rubuta min tafiyar ƙafa kullum safiya. Jinin ya sauka, takalmin nan kawai na saya."

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ni maganin ɗana na zo karɓa. Shekara uku muna kulle shi, wai kada ya shiga yawo."

Ta sake duban takalmin.

"Ɗan nawa lamba arba'in da biyu yake sawa."