Kwalba Ɗaya Zuwa Mai'adua

A bakin tashar Daura, wani dattijo ya tare wani ɗan acaɓa.

"Kai ne mai ya ƙare maka jiya, ka yar da ni a hanya har kasuwa ta watse!"

"Baba, kwalba ɗaya ke kai ni Mai'adua kullum. Sai da na jijjiga tanki na saurara."

"Da kunne ake auna mai?"

"Shekara tara bai taɓa yanke mini ba! Buhun da ka ɗora da kanka ne. Ka ce dusa ce, amma babur sai nishi yake."

"Dusa ce mana, daga sama."

"Ƙasan fa?"

"Gero. Da na faɗa, ai da ka ninka mini kuɗi."

"Da na ninka man, Baba, da ka ci kasuwarka!"