Bugun Farko na Babur ɗin Malam Magaji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yau Asabar, sha huɗu ga Satumba, shekarar dubu biyu da ashirin da huɗu, ƙarfe biyar saura kwata na yamma bisa agogona, ko da yake na lura agogon shugaba yana ɗan gaba da nawa. Muna ƙarƙashin rumfa a ƙofar gidan mahaifina, Malam Magaji, a nan Gyaɗi-Gyaɗi. Ga babur ɗin da ya tara mu a kafe a gabanmu, injinsa a sanyaye, kuma tun da aka ɗaure ƙusa ta ƙarshe babu ƙafar da ta taɓa kik ɗinsa.

Mai girma shugaban taro, Alhaji Tanko, shugaban ƙungiyar masu tsofaffin babura ta Tarauni. Mai unguwa da dattawansa. Iyayenmu 'yan ƙungiya da suka zo daga Daurawa da Darmanawa da Babban Giji, kowa a kan abin hawansa. Makwabcinmu Baba Chike da iyalinsa. Ma'aikatan jinya da ɗalibai da suka ratso daga asibiti. Iyayena mata da ke sauraro daga zaure. Jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Sunana Saifullahi Magaji. Bana na kammala karatun ƙididdiga a jami'a, kuma wannan ne karo na farko da na tsaya gaban taro, saboda haka ku yi mini haƙuri. Ina godiya ga ƙungiya da ta ba da lokacinta da hannuwanta, ina godiya ga duk wanda ya tono wani ƙarfe daga ƙasan akwatinsa ya kawo, ina kuma godiya ga mahaifina da ya zaɓe ni in yi jawabi. Zan dawo kan wannan zaɓin.

Abu na farko shi ne babur ɗin kansa, wanda a gidanmu ake kira Dattijo. Ƙirar Ingila ne, silinda ɗaya. Baba ya saye shi a hannun wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa kafin a haife ni, kuma a kansa ya yi aikinsa na malamin lafiya, yana kai allurar rigakafi ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Da ya yi ritaya sai aka tura Dattijo ɗakin ajiya, aka jibga masa tabarmi da tsofaffin kwanuka, tankinsa ya yi tsatsa, ɓeraye suka cinye kujerarsa. Ni a haka na san shi. Ban taɓa jin ƙararsa ba sai a bakin Baba.

Abu na biyu shi ne yadda aka dawo da shi. Ina jami'a Baba ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, ƙafarsa ta dama ta yi nauyi. Kenechukwu, ɗan Baba Chike, wanda muka taso tare a lungun nan, ma'aikacin jinya ne, shi ne yake shigowa bayan ya tashi daga aiki ya motsa masa ƙafar. Baba ba ya son motsin nan, har wata rana Kene ya ce masa, "Baba, to ka ɗauka kik kake bugawa." Sai Baba ya harare shi ya ce, "Yaro, haka ake buga kik a garinku? Kawo ƙafarka in nuna maka." Daga ranar aka fito da Dattijo tsakar gida. Aka kwance shi ƙarfe-ƙarfe, aka wanke tanki, aka sake ringi da filogi, aka ɗinka sabuwar kujera. Baba na zaune yana ba da umarni, Kene na durƙushe yana aikatawa. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har yana takawa da sanda. Wannan gaskiya ce, kuma ba zan rage mata komai ba.

Abu na uku ba ya cikin abin da aka ce in faɗa, amma yana cikin abin da ya faru, kuma an koya mini kada in bar abin da ya faru a waje don kawai ba ya yi mini daɗi. Jama'a, ina kishi. Ina kishin Kenechukwu, ina kishin wannan ƙarfe da ke gabanku, kuma ban san wanne ya fi ci mini rai ba.

Na taɓa bugo waya daga makaranta na ce, "Inna, ina Baba?" Ta ce, "Yana wajen 'ya'yansa." Na ce, "Waɗanne 'ya'yan? Ai ni kaɗai ne namiji." Ta ce, "Su biyu ne yanzu, da na ƙarfe da na Chike." Ta yi dariya, ni ma na yi, amma da na kashe wayar ban iya komawa kan karatuna ba. Ranar da na kawo takardar shaidar digiri gida, na tarar da su a tsakar gida, baƙin mai har gwiwar hannu. Don adalci zan faɗa cewa Baba ya goge hannunsa sosai kafin ya karɓa, ya riƙe ta ta gefe, ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka." Sannan ya miƙo mini ya ce, "Kene, ɗana, ba ni sifana." Baba Chike, na ga kana sunkuyar da kai. Ba laifinka ba ne, kuma ba laifin ɗanka ba ne. Da Kene mugu ne da na samu sauƙi.

Abu na huɗu shi ne al'adar wannan ƙungiya, domin baƙinmu su fahimci abin da za su gani. Idan aka gama gyaran tsohon babur, ba a tayar da shi a ɓoye. Sai an tara jama'a, mai babur ya ambaci wanda zai yi bugun farko. Bugu uku ake ba shi. Idan ya tashi, shi ne zai goya mai babur a baya su zaga unguwa. Idan bai tashi ba, sai ya sauka, mai babur ya kira wani. Kuma irin wannan babur ba a far masa da ƙarfi. Sai an buɗe famfon mai, wato ɗan makunnin da ke ƙarƙashin tanki. A taka kik a hankali har ya yi tauri. A ja wani ƙaramin hannu da ke jikin kan babur, a bar kik ɗin ya ɗan wuce taurin. A mayar da kik sama, sannan mutum ya sauko da dukkan nauyinsa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Wanda ya yi gaggawa, babur zai rama, kik ya dawo ya doke shi a ƙafa.

Na tambayi Baba, "Wa zai yi bugun farko?" Ya ce, "Kene mana. Kai kuma ka yi jawabi, ai kai ne mai karatu." Ga shi ina jawabi. Amma ku dubi rabon nan da kyau: ni an ba ni takarda da lasifika, shi an ba shi kik, ni zan faɗi tarihin Dattijo, shi zai ji bugun zuciyarsa a tafin ƙafa, ni zan tsaya a nan ina tafi, shi zai bi titi da hannuwan mahaifina a kan kafaɗunsa. Hannuwan nan ne abin da na kasa haɗiyewa.

Baba, akwai abin da ba ka sani ba, kuma shugaba shaida ne. Tun da na dawo ina zuwa Daurawa, gidan Alhaji Tanko, wanda yake da babur irin wannan. Ranar farko da na gwada bugun kik, babur ɗin ya rama, ya bar mini kumburi a ƙwauri, Alhaji ya ce, "Malam Ƙididdiga, lissafa wannan." Na koma. Yanzu ina tayar da shi. Ba kullum ba, ba zan yi ƙarya ba, amma ina tayar da shi fiye da yadda yake ƙi.

Abu na ƙarshe ya faru jiya bayan an sauko daga masallacin Juma'a. Kene ya tare ni a bakin lungu ya ce, "Saifu, wannan kumbura fuskar ta ishe ni, ko gaisuwa sai ka amsa kamar ana cire maka haƙori. Ka ji dabara. Gobe zan bar famfon mai a rufe, in buga uku, in share gumi, in ce ya gagare ni. Ka ga dole tsoho ya kira ka." Da farko raina ya so, ba zan ɓoye muku ba. Sannan na ce masa a'a. Dattawan nan da kunne suke gane injin da ba a ba shi mai ba, kuma kafin su gane Baba zai riga su. Za a ce Dattijo ya ƙi tashi alhali an hana shi abinci ne. Ni kuwa in goya mahaifina a kan sadakar abokina, in zaga Gyaɗi-Gyaɗi ana ɗaga mini hannu? Kishina bai kai nan ba. Kene ya ce, "Taurin kanku ɗaya, kai da tsohon da babur ɗin." Wannan ita ce magana mafi daɗi da aka faɗa mini tun da na dawo gida.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina roƙon ka duba famfon mai da hannunka, a gaban kowa, kafin Kenechukwu ya hau. Ina roƙon jama'a su sa masa ido, domin na san shi da tausayi. Ya buga da gaske, ya buga da dukkan ƙarfinsa.

Akwai abubuwan da har yanzu ban sani ba, kuma zan bar su a gabanku yadda suke. Ban san shekarar da aka ƙera Dattijo ba, domin tsatsa ta cinye lamba biyu a jikinsa. Ban san sunan mutumin da ya sayar wa Baba ba, Baba ya ce Auwalu, Inna ta ce Sadiq. Ban san ko zai tashi yau ba. Ban san ko Baba ya hana ni kik ne don yana jin tsoron ƙafata, shi da ya san abin da rashin ƙafa yake nufi, ko kuwa don bai taɓa zaton zan so ba. Ban san abin da zuciyata za ta roƙa ba idan bugu na biyu ya wuce shiru. Kuma idan na uku ya wuce, ban san sunan da Baba zai kira ba. Abin da na sani shi ne, duk wanda ya dubi ƙasan rigar nan zai ga ba takalmin masu jawabi na sa ba. Rufaffe ne, mai kaurin ƙasa.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ƙarfafa ƙafarsa. Allah ya saka wa Kenechukwu da iyayensa da alheri, ya bar zumuncin gidajen nan biyu. Allah ya raya wannan ƙungiya, ya tsare masu hawa da masu tafiya a ƙasa, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ni kuma Allah ya sanyaya mini zuciya, ko da wa aka kira.

Na gode da kuka jure mini har ƙarshe. Ranka ya daɗe, ga famfon mai nan. Kene, bismillah.